Littafi Mai Sittin da Minti Goma: Yadda Ɗalibar Sakandare Za Ta Fara Rubuta Abin da Ke Ranta

Duk farkon shekarar karatu, ranar da na fara shiga ajin 'yan SS1, nakan ce kowace yarinya ta ware littafi ɗaya mai sittin daga cikin waɗanda aka sayo mata, kada ta rubuta sunan wani darasi a bayansa. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da Hausa a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma tambayar da ake fara jefo mini ba ta taɓa canjawa ba: "Malama, za ki karɓa ki duba?" Nakan ce ba zan karɓa ba, ba zan ba da maki ba, ko buɗe shi ba zan yi ba. Sai aji ya yi tsit, can wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, me za mu rubuta a ciki?" Amsar wannan tambaya ce na zauna in rubuta. Zan riƙa cewa "ke" saboda da 'yan mata na saba magana, amma ɗan'uwanki namiji ma duk ya shafe shi.

Kayan aikin ba su da yawa: littafi da biro. Kada ki jira sai kin samu dayari mai kwalliya da ɗan makulli, domin irinsa ne ke jan ido. Ban ba da shawarar waya ba, ko ga wadda ke jeka-ka-dawo kuma take da ita, saboda kina fara layi biyu saƙon WhatsApp zai shigo, tunanin ya bi ruwa. Lokaci kuwa minti goma ya isa, bayan sallar isha'i ko a ƙarshen firef kafin a kaɗa ƙararrawa. Kwana uku a mako ya wadatar. Ki sa kwanan wata a saman kowane shafi, za ki ga amfaninsa nan gaba.

Yawancin masu farawa sukan rubuta irin wannan: "Na tashi da asuba, na yi salla, na ɗebo ruwa, mun yi gwajin lissafi, an ba mu shinkafa da wake." Duk gaskiya ne, amma bayan mako biyu sai marubuciyar ta gaji, domin yau da jiya duk ɗaya suke. Abin da nake nema ya wuce jerin abubuwan da aka yi. Malamanmu na Islamiyya suna kiransa muhasaba, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa, "Ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi." Ɗan kasuwa in ya rufe shago yakan zauna ya ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita. Ke ma haka za ki yi da yininki.

Ga yadda nake koya musu. Ki ɗauki abu ɗaya tak daga yinin, wanda ya fi tsaya miki a rai, ki rubuta yadda ya faru kamar kina ba wa wadda ba ta wurin labari. Wa ya ce me, a ina, su wa ke tsaye. Bayan nan ki rubuta abin da kika ji a ranki da jikinki a lokacin. Daga ƙarshe ki tambayi kanki, gobe in haka ta sake faruwa me zan yi? Mataki na biyun shi ne mai wuya, don haka zan ɗan tsaya a kansa. "Na ji haushi" bai isa ba. Hausa tana da kalmomi da yawa a nan, kuma kowace da inda ta dosa: haushi daban, takaici daban, kunya daban, ƙyashi daban, fargaba daban da tsoro, kewa daban da kaɗaici. Ki nemi wadda ta dace sak. Sau da yawa yarinya takan fara da cewa ta ji haushin ƙawarta da ta zo ta ɗaya, tana cikin rubutu sai ta gane ƙyashi ne, kuma a ƙarƙashin ƙyashin akwai fargabar abin da Baba zai ce in ya ga sakamako. Da zarar ta kai nan, ta san ba da ƙawar take rigima ba, kuma gobe za ta iya gaishe ta da zuciya ɗaya.

Misali, shafin zai iya zama haka: "Yau Malam ya ce in fito in yi lissafi a allo, na kasa, 'yan aji suka yi dariya. Hannuna ya yi ta rawa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne har da wadda muke cin abinci tare a masu dariyar. Gaskiya ban yi bitar darasin ba, kwana uku ina cewa sai gobe. Gobe a firef zan nemi wadda ta gane ta nuna mini, ita kuma ƙawata zan gaya mata ban ji daɗi ba." Layi biyar ke nan, kuma sun fi shafi uku na jerin abinci da ƙararrawa.

Ki rubuta da harshen da kike tunani da shi. In Hausa ce, Hausa. In kina cakuɗa ta da Turanci ko Fulatanci ko Barbarci, ki bar su yadda suka zo. Ni da nake cire maki a kan ƙa'idar rubutu a aji, a nan na yafe miki duka, domin mai gyara harafi ba ta samun sukunin faɗin gaskiya.

Yanzu maganar da ta fi damun ɗalibaina, wato sirri. A ɗakin kwanan da mutum talatin ko arba'in ke kwana, ko gidan da kike ɗaki ɗaya da ƙanne huɗu, ina za a ɓoye littafi? Na taɓa ganin yadda wata babbar ɗaliba ta tsinci littafin wata ƙarama a ƙarƙashin filo ta karanta wa 'yan ɗaki da ƙarfi. Yarinyar ta yi zango guda ba ta ɗaga kai a aji, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tun daga lokacin nake cewa littafin ya yi kama da sauran littattafanki, ya zauna a tsakiyarsu cikin akwatin da kike kullewa. Ƙarƙashin filo da katifa nan ne farkon inda ake dubawa. Kada ki rubuta cikakken sunan kowa, harafi ɗaya ko laƙabin da ke kaɗai kika sani ya isa. Wadda ta iya ajami tana da ƙarin kariya, domin ba kowa ne zai tsaya ya haɗa baƙaƙen ba, ko da yake ba zai hana mai naci ba. In kuwa abin da kika rubuta ya yi nauyin da in wani ya gani zai jawo miki fitina, ki rubuta shi a takarda daban, ki gama, ki yayyaga. Amfanin ya riga ya samu tun lokacin da kike rubutawa. Iyaye da yayye da ke karanta wannan, ina roƙonku kada ku buɗe. Ranar da yarinya ta gane ana karantawa, za ta koma rubuta abin da kuke son gani, ku rasa gaskiyar, ita ma ta rasa wurin ajiye ta.

Wata rana za ki buɗe shafi ki ji kanki fayau, babu abin rubutawa. Ga inda nake tura ɗalibaina.

Jarabawa ce kan gaba, musamman ga 'yan SS3 da JAMB da WAEC da NECO ke jiransu a jere cikin 'yan watanni. Kada ki rubuta "ina tsoron jarabawa" ki tsaya. Wane darasi? Wane babi a cikinsa? In kika rasa kiredit a Turanci ko lissafi, fuskar wa kike tsoron gani? Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2011, wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, suka sa ɗaliban sakandare su rubuta fargabarsu na minti goma daf da shiga jarabawar bayoloji, sai aka ga waɗanda suka fi kowa fargaba sun fi samun maki a kan takwarorinsu masu irin fargabar da ba su yi wannan rubutun ba. Bayaninsu shi ne damuwa tana cinye wurin da ƙwaƙwalwa ke buƙata don warware tambaya, in aka sauke ta a takarda sai wurin ya samu. Rubutu ba zai maye gurbin karatu ba, wanda bai shuka ba ba ya girbi, amma yana hana abin da kika karanta ya gudu a zauren jarabawa.

Sai wasiƙar da ba za a aika ba. Ki rubuta wa wanda kike da magana da shi amma bakinki ya yi nauyi: Mama, Baba, kishiyar Mama, malamin da ya kunyata ki, ƙawar da kuka ɓata. A al'adarmu yaro ba ya mayar wa babba magana, kuma ni ina ganin kyawun hakan, sai dai maganar da aka haɗiye ba ta narkewa. A takarda za ki faɗe ta duka, sannan ki duba ki ga wace ce ta cancanci a faɗa da baki cikin ladabi, wace ce zafin rai ne kawai. Har wanda ya rasu ana iya rubuta wa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi na waɗanda ta rasa, ciki har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da aminiyarta A'isha. Zuba baƙin ciki a takarda ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Akwai kuma ƙananan tambayoyi na ranar da kika gaji. Wane alheri aka yi mini yau, ko da aron bokiti ne? Wa na ɓata wa rai, kuma na nemi afuwa? Kuɗin da aka ba ni ranar ziyara, ina suka tafi? Wane abu nake yi don kawai ƙawaye suna yi? Likitancin da nake cewa ina so, ni ke so ko gida ke so? Wannan ta ƙarshen ki riƙa komawa kanta duk zango, domin amsar takan canja tsakanin SS1 da lokacin cike fom ɗin JAMB. Lokacin hutu kuwa ki zauna da kakarki ki tambaye ta yadda rayuwarta take tana da shekarunki, ki rubuta da kalmominta. Wannan shafin watarana zai fi duk sauran daraja a wurinki.

Ki sani rubuta abu mai ciwo yakan tayar da hankali kafin ya kwantar. James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa sakamakon wani gwaji a 1986 inda ɗaliban jami'a suka rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti goma sha biyar kullum har kwana huɗu a jere. Da yawansu sun tashi daga rubutun ransu a jagule, amma a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. Don haka in kin yi hawaye a kan shafi, ba laifi. Amma in kika ga mako biyu ko uku kina juya magana ɗaya, barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, to ki ajiye biro ki nemi mutum. Haka nan in wani yana taɓa ki ta hanyar da ba ta dace ba, ko yana yi miki barazana, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, wannan ya fi ƙarfin littafi. Ki gaya wa babban da kika amince da shi a ranar, Mama ko Gwaggo ko malamar ba da shawara. In bakinki ya kasa, ki yage shafin ki miƙa mata ta karanta. An taɓa miƙo mini irin wannan shafi a bakin ofis, a ninke huɗu, kuma da shi muka fara neman mafita.

In kika yi mako uku ba ki rubuta ba, kada ki ce sai kin rama. Ki buɗe sabon shafi, ki sa kwanan watan yau, ki ci gaba.

Daren ƙarshe na zango, bayan kin haɗa akwati, ki ɗauki jan biro ki karanta littafin tun daga shafin farko. Ki ja layi a ƙarƙashin duk sunan da ya yi ta maimaituwa, da duk damuwar da ta dawo fiye da sau uku, da duk alkawarin da kika yi wa kanki. A gefen kowane alkawari ki rubuta "na cika" ko "saura". Waɗanda suka rage ki kwafe su a shafin farko na sabon littafin da za ki zo da shi zango mai zuwa, tsohon kuma ki sa shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, ki tafi da shi gida.