Ramin gawayi don wanke famfon feshi

A garkunan albasa na Galmi da kewayen Tawa, yawancinmu gindin rijiya muke wanke famfon feshin maganin ƙwari. Ni dai na bar wannan. Ƙasarmu rairayi ce mai ƙarancin taki, ruwan magani kuwa ba ya samun abin da zai riƙe shi, sai ya zarce ƙasa, ya iya kaiwa ga ruwan rijiya.

Yawancin magungunan ƙwari ba sa jituwa da ruwa, sun fi maƙalewa jikin ruɓaɓɓen ganye da taki. Gawayi ya fi su kamu, don cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani.

Haƙa rami mai zurfin kamu biyu, nesa da rijiya, inda ruwan damina ba ya kwanciya. Daɓe gindinsa da laka. Sai ka cika shi: rabi yankakken karan hatsi, sauran rabin ƙasar garka da taki da gawayi. Daka gawayin ya koma kamar tsaki, kada ya zama gari, don gari toshewa yake. Manoman Suwidin sun daɗe da irin wannan rami, su da bambaron alkama suke yi.

Ɗauraye famfon sau uku a kan ramin, ka bar wurin da danshi, ba jagab ba. Gawayi riƙewa kawai yake yi, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke cinye maganin sannu a hankali. Duk shekara canza cikin ramin. Tsohon gawayin kada ya shiga murhu, balle tukunyar shayi.