Kurakuran da Muka Fi Yi Wajen Koyarwa ta Waya Lokacin Kulle

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda annobar korona, mu a Arewa maso Yamma aka ce mana kwana 30 ne. Sai ranar 4 ga Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma, saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran kuwa galibi sai Oktoba. A tsakanin nan malamai da yawa muka koma koyarwa ta waya, ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake yi. Ni lissafi nake koyarwa a wata sakandare, kuma kusan duk kuskuren da zan faɗa a nan sai da na taka shi da ƙafata.

Babban cikinsu shi ne ɗauka cewa wayar ta ɗalibi ce. Ta babansa ce, ko ta mamarsa, ko ta wani yayansa da ba ya son a taɓa masa ita. Malam ya sa darasi ƙarfe goma na safe, malamar Turanci ma goma, a gidan kuma yara biyar ke jiran waya ɗaya, wayar tana wurin mai caji tun jiya don ba a kawo wuta ba. Sai ka buɗe aji ka ga mutum shida cikin sittin, ka fara faɗa wai yaran yanzu ba sa son karatu. Kafin darasin farko ka bi iyaye da tambaya: wayar wa za a yi amfani da ita, kuma yaushe take zama a gida? Daga nan ka daina sa awa, ka sa rana. Ka ajiye darasi da safe, ka ce amsa ta iso kafin isha'in gobe. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, yawancin amsoshina bayan tarawi suke shigowa.

Sai kwaɗayin bidiyo kai tsaye. Mun ga Turawa na Zoom, mu ma muka ce sai shi. Na kyauta yana yankewa bayan minti 40, rabin lokacin kuma a "Malam ba ma jin ka" yake ƙarewa. Awa ɗaya tana iya cinye fiye da rabin giga, ga magidanci an hana shi fita kasuwa, kuɗin cefane ma da ƙyar. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp bai kai megabait 2 ba, yana jira har sabis ya dawo, yaro kuma yana iya saurarensa sau uku. Ka haɗa shi da hoton takardar da ka yi aikin a kai. Hoton ma akwai lura: baƙin biro mai kauri, manyan haruffa, hasken tsakar gida, shafi ɗaya ga misali ɗaya. Hoton allo daga nesa ba ya karantuwa a wayar da gilashinta ya tsage.

Wasu da suka koma saƙon murya sai suka zuba na minti 25, tamkar suna tsaye gaban aji. A aji fuska ce ke gaya maka an ɓace, ka koma baya. A waya ba fuska. Ka yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowanne da lambarsa, ka riƙa faɗin inda kake: "ku duba layi na uku, inda na raba da biyu." Kalmar "nan" da "wancan" ba su da amfani tunda ba a ganin yatsanka. In Turancin ya yi nauyi ka maimaita da Hausa, uwar da ke riƙe da wayar ma ta samu abin da za ta taimaka da shi.

Guruf ɗaya ga kowa da komai shi ma ɓarna ne. Kafin azahar sallama hamsin, barka da Juma'a, da maganin korona na tafarnuwa da wani ya turo, sun binne darasin. Ka buɗe biyu: ɗaya ka kulle shi yadda kai kaɗai ke turawa, ɗaya na tambaya. Amsar jinga kada ta bi ta guruf, don da zarar gwanin aji ya tura tasa, sauran kwafa za su yi har da kuskuren rubutunsa. A turo maka kai tsaye, ta lambar iyaye kuma da saninsu. Malami namiji da ɗalibai mata ya kiyaye wannan sosai, ya kuma bar tura saƙo da tsakar dare, ko da na gyaran lissafi ne.

Waɗanda ba su da babbar waya fa? Nan ne muka fi zalunci ba mu sani ba, don wanda ba ya guruf ba ya ƙorafi. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun riƙa sa darussa a rediyo da talabijin. In irin haka ta sake faruwa, ka nemo jadawalin, ka tura gajeren saƙo zuwa ƙananan wayoyi da ranar da lokacin, ka biyo da tambaya ɗaya kan abin da aka koyar. A ranakun da aka sassauta doka don cefane, ana iya ajiye takardun aiki a shagon unguwa, monita ya raba, ya tattaro.

Na daɗe ina duba jerin waɗanda suka buɗe saƙona ina jin daɗi, har ina gudu da manhajar karatu don in gama ta zangon. Ashe baban ne ya buɗe ya wuce. Shaidar karatu ita ce abin da yaro ya rubuta da hannunsa, don haka kowane darasi ya ƙare da tambaya biyu ko uku, ka riƙe rajistar masu amsawa, wanda ya yi mako shiru ka kira gidansu. Sabon babi mai wuya ka jinkirta shi, ka ƙarfafa wanda aka riga aka fara a aji. Ranar da muka koma na yi wa ajina gwajin tambaya goma kan abin da na tura a watannin nan, sakamakon ya sa na koma babin da muka tsaya a watan Maris.