Yadda ake gyara ƙananan hukumomi bayan mulkin kwaminisanci

Idan aka ba ni aikin nan, daga ƙasa zan fara, kamar yadda ƙasar Folan ta yi. A watan Maris na 1990 ta kafa dokar ƙananan hukumomi, a watan Mayu aka yi zaɓe. Ka gaggauta wannan zaɓen tun kafin ma'aikatun babban birni su farfaɗo su riƙe komai.

Sannan ka miƙa dukiya. A zamanin jam'iyya ɗaya, famfon ruwa da gidajen haya da motocin bas duk na gwamnatin tsakiya ne. A rubuta su da sunan ƙaramar hukuma, takarda a hannu. Kuɗi ma haka: shugaban da aka ɗora wa makarantun firamare ba a ba shi kason haraji ba, sai ya koma maroƙi a ƙofar minista. Yukiren ta bar wa hukumomin ƙauyukan da suka haɗe suka zama hukuma ɗaya kashi 60 cikin 100 na harajin albashi, kuma a ganina wannan ne ya jawo ƙauyuka suka yarda da haɗewar.

Kada ka bari kowane ƙauye ya zama hukuma. Hangari ta wayi gari da fiye da 3,000, wasu ko akanta ba sa iya ɗauka.

Larduna kuwa su jira. Sai a 1999 Folan ta rage nata daga 49 zuwa 16, bayan ƙananan hukumomi sun tsaya da ƙafafunsu.