Inda za ka rubuta LL.B a fom, da inda za ka rubuta B.L.

Ni lauya ne, ina aiki a Ikeja, ina zaune a Agege, kuma yaranmu na unguwa kan kawo mini takardun neman aiki in duba musu. Yawancin fom gurbi biyu ke gare shi, na shaidar karatu da na shaidar sana'a, a nan kuma suke rikicewa.

Ƙanena, digirinka na farko a fannin shari'a, wato LL.B, shaidar karatu ce, ko a Jami'ar Legas ta Akoka ka yi shi, ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) ta Ojo, ko Bayero. Na san shekara 5 ka kwashe a kansa, amma bai ba ka ikon tsayawa gaban alƙali a madadin kowa ba. Sa shi a gurbin farko tare da WAEC, ka rubuta matakin da ka fita da shi. Digiri na biyu, wato LL.M, shi ma nan ne wurinsa.

Gurbi na biyu na B.L. ne, wato shaidar zama cikakken lauya, ba kuma a samunsa sai an bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. A nan Legas ta buɗe a 1963, a titin Igbosere, kafin hedikwatarta ta koma Bwari a 1997. Reshen Legas yana Victoria Island, na Kano yana Bagauda. Karatun kusan shekara guda ne, har da zama a kotu da ofishin lauyoyi don ganin aiki. In ka ci jarrabawar ƙarshe, majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers ta rantsar da kai, sannan ka sa hannu a rajistar Kotun Ƙoli a Abuja. Ka tabbata ka rubuta shekarar rantsuwar nan, domin daga ita ake ƙirga girmanka a aiki.

In kana makarantar tukuna, rubuta cewa kana kan karatu. Don Allah kada ka liƙa Barista a gaban sunanka, ko da 'yan gida sun fara kiranka haka don ƙauna. Kiran kai lauya kafin rantsuwa laifi ne a doka, yana kuma iya hana a rantsar da kai. Wanda ya yi digirinsa a waje, kamar Ingila, sai ya fara da kashi na ɗaya na karatun makarantar kafin ya shiga na biyu.

Iyaye kuma, ku ne kuka fi damuna. Kafin a cike fom ɗin JAMB, ku bincika ko Majalisar Kula da Ilimin Lauya ta amince da tsangayar shari'a ta jami'ar, da kuma adadin ɗaliban da ta ware mata. Jami'ar da ta ɗiba fiye da kasonta, ɗalibanta kan zauna a gida da digiri a hannu, suna jiran layin shiga makarantar lauyoyi.