Kurakuran da ake yi in za a bar Saudiyya da mage

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka da Madina masu kiwon mage, ko bissa kamar yadda yaranmu na nan ke cewa, dan Allah ku ba ni aron hankalinku. Bara yayana ya samu aiki a Faransa ya kwashe iyali suka tafi, magensu kuwa sai da ta yi wata biyar a hannuna kafin ta bi su. Kullum 'yar autarsa in ta kira ni a bidiyo ko gaisuwa ba ta ƙarasawa sai ta ce "Gwaggo nuna min ita", tana gani ta fashe da kuka. Kuma wallahi duk abin da ya jawo haka da mun sani tun farko da ba mu faɗa ciki ba.

Babban kuskuren shi ne lissafin lokaci. Sai an buga wa mutum huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, sannan ya tuna akwai mage a gidan, alhali wannan bizar kwana 60 kacal take ba ka ka bar ƙasar, takardun mage kuwa in ƙasashen Tarayyar Turai za ka sun wuce kwana 60 nesa ba kusa ba. Saudiyya ba ta cikin ƙasashen da Turai ta ɗauke wa gwajin jini, don haka bayan an yi mata allurar haukan kare sai an jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da su Turawan suka amince da shi, sakamakon ya kai 0.5 ko sama da haka, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Ka ga wata huɗu kenan in komai ya tafi daidai ba a samu tsaiko ba. In jaririya ce ma sai ta kai sati 12 kafin a yi mata allurar. Ranar da aka fara zancen tafiya a gida, ko da zance ne kawai bai tabbata ba, ranar za ka kai ta wurin likitan dabbobi. Ba asara ba ce, don gwajin ba ya mutuwa muddin ana sabunta allurar kafin wa'adin ta baya ya ƙare. Amma in ka bari ta wuce wa'adi to an koma farko.

Mu abin da ya kayar da mu ma ba wannan ba ne, cif ne. Wato ɗan ƙaramin abin nan kamar ƙwayar shinkafa da ake sa mata ƙarƙashin fata wajen kafaɗa, mai lamba 15, shi ne katin shaidarta. Ƙa'idar ita ce a sa cif ɗin kafin allura ko kuma rana ɗaya da ita. Mu kuwa an yi mata allura tun tana ƙarama, sai daga baya da tafiya ta taso aka sa cif, wani asibitin dabbobi da muka je bai ce mana komai ba. Da aka zo haɗa takardu aka ce wancan allurar ba ta cikin lissafi tunda babu abin da ke nuna wannan magen aka yi wa. Haka muka sake sabuwa, muka sake ƙirga kwanaki daga ɗaya. Duk sanda ka je asibiti ka ce a ɗora na'urar a wuyanta a gabanka, ka duba lambar da ta fito da idonka ka gwada da wadda aka rubuta a littafin allura, lamba ɗaya in ta kuskure takardar ta zama ta wata magen.

Masu komawa gida Najeriya su kuma nasu kuskuren shi ne "ai gida za ni, wa zai tambaye ni". Za a tambaye ka. A nan sai ka samu izinin fitar da ita daga Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma, a can kuma akwai izinin shigo da dabba da ake nema kafin a taso, ga jami'an NAQS a filin jirgi su ne masu duba dabbobi da tsirrai. Ita kuma takardar shaidar lafiya kar ka yi gaggawar karɓarta da wuri don ba ta daɗewa, ta Turai kwana 10 ce daga ranar da aka sa hannu zuwa ranar da za a duba ku a wurin shiga.

Sai tikiti. Mutane su fara sayen nasu mai araha sannan su kira kamfanin jirgi su ce af, muna da mage. Kowane jirgi yana da adadin dabbobin da yake ɗauka, kuma dokokinsu ba ɗaya ba ne. Turkish Airlines na barin mage a cikin jirgi kusa da ƙafarka in ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba, Emirates kuwa ba ta barin mage a wurin fasinja. In Ingila za ka ma babu zancen riƙe ta a hannu, a matsayin kago, wato kayan lodi, take shiga. Ka fara samun amincewarsu a rubuce kafin ka biya, ka kuma tambayi ƙa'idar ƙasar da za ku yada zango.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne maganin barci. Wata maƙwabciyata da kyakkyawar niyya ta ce min "Hajiya ki ba ta rabin ƙwaya kawai ta yi ta barci har su sauka". Dan girman Allah kar wanda ya yi haka da kansa. Maganin yana saukar da bugun jini yana rage numfashi, a sama kuma babu mai ganin halin da take ciki. Musamman irin magen nan shirazi masu lotsattsen hanci da muke so a nan, dama can numfashinsu da ƙyar ne, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa yarda a sa su a ƙasan jirgi. Ka haɗa da zafin Jidda na watan Yuli ko Agusta, keji yana jiran lodi a fili. In da hali a zaɓi jirgin dare ko na asuba. In tana da tsoro sosai a gaya wa likita tun da wuri, shi ya san abin da ya dace da ita.

Abin da ke kwantar mata da hankali da gaske shi ne sabo da kejin. Kar a sayo shi ana gobe tafiya. Ni a falo na ajiye shi a buɗe wajen sati uku, na shimfiɗa tsohon ɗankwalin yarinyar a ciki, ina sa mata abinci a bakin ƙofar, kullum ina ɗan tura kwanon ciki. Kwana huɗun farko ko kallonsa ba ta yi, wata rana na fito sallar asuba na same ta a ciki ta naɗe tana barci. Girmansa kuma ya zama za ta iya tsayuwa ta juya ta kwanta ba takura. A wurin bincike za su ce a fito da ita a wuce da jakar ta na'ura, to ka sa mata ɗamarar ƙirji mai igiya tun daga gida ko ka roƙi a kai ku ɗaki a rufe, mage in ta firgita ta kuɓuce a filin jirgi kama ta sai Allah.

In kuma lokaci ya ƙure ba yadda za ka yi, kar ka buɗe ƙofa ka sake ta a titi, magen da ta tashi a ɗaki cikin AC ba ta san neman abinci a bola ba, balle a kulle shugga, wato gidan haya, a miƙa mukulli tana ciki. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Ka nemi wanda zai riƙe maka amana, ka bar masa littafin allurarta da kuɗin abinci.

Bayan an sauka ma kar a sake ta ta zaga gida ko tsakar gida nan take. Ɗaki ɗaya, da ruwa da yashin bayan gidanta da irin abincin da ta saba, a tafi da na sati ɗaya ko biyu a riƙa gauraya shi da sabon a hankali don kar cikinta ya ɓaci. Tamu kwana uku ta yi a ƙarƙashin gado sai dare take fitowa ta ci, matar yayana har ta kira ni hankali a tashe, na ce Anti ku ƙyale ta kar a jawo ta da ƙarfi. Rana ta huɗu da safe suka turo min hoto, ta hau gado ta kwanta a ƙafar yarinyar.