Yadda za ka zaɓi digiri na biyu a fannin koyar da harshe na biyu da rubutu

Kafin ka sayi fom, tsai da shawara kan aikin da kake so bayan karatun. Mai niyyar zama a aji, ko horar da malamai a kwalejin ilimi, M.Ed (digiri na biyu a ilimi) a fannin koyar da harsuna ne ya dace da shi: dabarun koyarwa, tsara manhaja, auna fahimtar ɗalibi. M.A. (digiri na biyu a fannin fasaha) a Turanci ko kimiyyar harshe kuwa nazarin harshen ne kansa, nahawu da furuci da ma'ana. Mutum kan gama shi da kyakkyawan sakamako bai koyi gyaran insha'in ɗan sakandare ba. Wanda digirinsa na farko ba na ilimi ba ne, yawanci sai ya fara yin PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri) kafin M.Ed, kuma ita ce za ta ba shi damar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya.

Idan koyar da rubutu ne ya fi damunka, sai ka yi tonon gaske, domin sau da yawa akan cusa shi cikin darasi guda tare da sauraro da magana da karatu. Nemi littafin bayanin sashen, ka ƙirga darussan da suka tsaya kan rubutu da yadda ake gyara shi. Daga nan shiga ɗakin karatun sashen ka duba kundayen binciken ɗalibai na shekara biyar da suka wuce, ka ga malamin da ya duba masu bincike kan rubutu. In babu, za a haɗa ka da wanda fanninsa daban ne, shi kuma zai ja batunka zuwa abin da ya sani. Tambayi ɗaliban malamin ƙarara: babi ɗaya wata nawa yake yi a teburinsa? A nan ne karatun wata 18 ke komawa shekara 4.

Wani abin da muke ganin ana sakaci da shi: a Jos, yaro Birom ko Angas kan zo aji da harshen gida, ga Hausar kasuwa, Turanci na uku ke nan. Haka Gbagyi a Abuja. Sashen da zai bar ka ka tattara rubutun irin waɗannan yara ka yi nazari ya fi wanda zai sa ka raba takardun tambayoyi kawai.

Jami'ar Jos da Jami'ar Abuja suna kusa ga mazaunin waɗannan garuruwa, ma'aikaci kuma ya duba NOUN, jami'ar karatu daga gida da hedikwatarta ke Jabi a Abuja. Ko ina ne, tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin. Akan nemi aƙalla sakamakon daraja ta biyu ƙarama da takardar NYSC. Fara neman tiranskirif, wato cikakken bayanin sakamakon digirinka na farko, tun kafin a buɗe fom, jinkirinsa na jawo asarar gurbi.

A Ingila digirin TESOL (koyar da Turanci ga masu wani harshe) shekara 1 ne galibi, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kuma yana buƙatar shekara 2 ta aiki. A Amurka shekara 2 ne, amma wasu jami'o'i kan yafe kuɗin makaranta su ba ka ajin rubutu na 'yan shekarar farko ka koyar, wanda horo ne mai amfani ƙwarai. CELTA takardar horon koyar da Turanci ce ta sa'o'i 120, ba ta maye gurbin digiri. Malamin babbar makarantar gwamnati kuwa ya nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsa kafin ya ci bashi.