Kurakuran da ke kashe tsohuwar bindigar iska mai famfo

Yawancin tsofaffin bindigogin iska masu famfo da ake cewa sun mutu, ba tsufa ne ya kashe su ba. Hannun mai su ne, ko hannun wanda aka kai wa gyara. Ina nufin irin waɗanda ake buga wa iska da hannu sau uku zuwa takwas ko goma kafin a harba, kamar Benjamin 392 da 397, da Sheridan Blue Streak, da Crosman 760, da Daisy 880. Kayan cikinsu ba su da yawa: fistan mai roba a baki, bawul mai tara iska, guduma mai bugun bawul ya saki iska da sifirin ɗinta, sai kunama. Wannan sauƙin ne yake ruɗin sababbin shiga har su ɗauka kowa ma zai iya kwance ta, kuma na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya tana maimaituwa.

Kafin komai, kada ka taɓa sukuru ko ɗaya sai ka tabbatar babu harsashi a ciki, babu kuma iska a bawul. Ka juya bakinta ga tudun ƙasa, ka ɗana ka harba, ka sake, har sai ka daina jin fitar iska. Bawul da aka kwance da iska a ciki yana iya cillo ƙarfe a fuskar mutum.

Kuskure na farko shi ne kwance bindiga ba a san ciwonta ba. Ita kuwa tana faɗa, in an saurara. Idan kana bugawa ba ka jin nauyi a hannu, robar fistan ce ta bushe ko ta cinye. Idan ka buga sai hannun famfon ya riƙa turowa baya yana buɗewa da kansa, ƙaramin bawul ɗin shigar iska ne ke yoyo. Idan kuwa ka kara kunne ka ji iska na fita ta bututun da harsashi ke bi, bawul ɗin fitarwa ne. Akwai ma waɗanda lafiyarsu ƙalau, kamar Daisy 880, wadda ba ta riƙe iska sai an ɗana ta tukuna sannan a buga, amma mutum bai sani ba sai ya hau kwancewa.

Sai batun mai, wanda a nan ne raina ya fi ɓaci. Duk abin da hannu ya kai gare shi zubawa ake yi: man gyaɗa, man birki, kananzir, baƙin man da aka juye daga inji, da wannan na fesawa WD-40. Don Allah a daina. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, ya kama ƙurar hunturu, ya toshe bawul. Man birki yana kumbura robar har ta lalace. Kananzir da man fesawa suna wanke ɗan maiƙon da ya rage su bar roba a bushe. Baƙin man da ya gama aiki a inji kuwa cike yake da garin ƙarfe da toka, kuma duk bugu ɗaya kai da kanka kake tura su cikin bawul, inda ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi rufewa. Mutum zai yi wannan, bayan wata biyu ya zo yana cewa tsofaffin kaya ba su da inganci. Bindigar da ta shekara arba'in tana aiki kafin ta zo hannunka ba ita ce marar inganci ba.

Man da ya dace shi ne Pellgunoil na kamfanin Crosman, wani ja mai ɗan kauri. In bai samu ba, ni ina amfani da sabon man inji mai lamba 30 wanda ba a sa masa sinadarin wanki ba. Ɗigo biyu ko uku a kan robar fistan da ɗan soson da ke bayanta, ɗigo ɗaya a kowace gaɓar hannun famfo. Shi ke nan. Ina yin haka duk sanda na cinye rabin gwangwanin harsashi, da hunturu kuma nakan goge ƙura kafin in ɗiga. Wanda ya tsiyaya mai da yawa shi ma ya yi ɓarna, domin man zai taru a bawul ya cinye gurbin iska. Kuma da yawa daga cikin bindigogin da suka daɗe a ajiye, mai kaɗai suke nema. Ka ɗiga, ka buga ka harba babu harsashi sau da dama, ka bar mata bugu biyu ta kwana. Sau da yawa da safe za ka tarar ta riƙe iska. Sai wannan ya gaza ake maganar sukudireba.

Ajiya ma ana kuskurenta. Ni ba na jingine Benjamin ko Sheridan babu iska. Bugu ɗaya ko biyu nake bar mata, babu harsashi, don iskar ta danne bawul a mazauninsa ƙura ta rasa hanyar shiga.

Wani abu kuma da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne liƙin bututu. Sheridan, wadda aka fara ƙerawa a garin Racine na jihar Wisconsin a Amurka, da 'yar'uwarta Benjamin, bututunsu na tagulla ne, kuma da dalma aka liƙa shi a kan bututun famfo tun daga gindi har baki. Ba sukuru ke riƙe da shi ba. Na taɓa ba wani mai gyara Sheridan ɗita don ya canja mata roba kawai. Bawul ya ƙi fitowa, domin na tsofaffin samfuran liƙe yake a ciki, kayan cikinsa kaɗai ake fitarwa da wani dogon makulli na musamman. Shi bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Ya matse ta a abin matse ƙarfe na teburinsa, ya kawo wuta ya gasa. Da na karɓo ta, fentin ya ƙone, bututun famfon ya ɗan lotsa, kuma in ka ɗaga ta saitin rana kana hango haske ta tsakanin bututun biyu, inda liƙin ya saki kusan tsawon yatsa. Harbi kuwa yau hagu, gobe dama. Gyaran roba na ɗan kuɗi kaɗan ya zama asarar bindiga sukutum, irin wadda ba a ƙera ta haka yanzu. Tagulla ba baƙin ƙarfe ba ce. Ba a matse ta, ba a dukanta, ba a kai ta wurin mai walda. Duk wanda ya ɗauko guduma ko ya kunna wuta a gaban bindigarka, karɓe abarka ka tafi, ko da zai ji haushi.

Wannan liƙin ne kuma madubin saiti, wato mai kusanto abin da ake hari, ke kashewa. Matasa suna son ɗora ƙaton madubi, sai su sayo maƙalin da ke cizon bututu su ɗaure shi iya ƙarfinsu. Maƙalin yana shiga tsakanin bututun biyu yana ɓamɓare su a hankali. Ga shi in madubi ya hau, wurin riƙewa ya tafi, sai mutum ya kama madubin da hannu ɗaya yana buga famfo da ɗayan, duk nauyin yana sauka a kan liƙin. Bindigar da ake harbi da ita a tazarar mita 20 zuwa 30 ba ta buƙatar wannan kaya. Ni ƙaramin saiti mai huda nake sa wa tawa, irin na kamfanin Williams da ake ɗaurawa a baya kusa da ido. Ba nauyi, ba ya taɓa liƙi, kuma yana barin hannu ya kama inda ya kamata.

Yanzu ga masu neman ƙarfi. Tsohuwar Benjamin 392 iyakarta bugu 8, Crosman 760 kuwa 10. A bugu takwas 392 tana tura harsashi kusan mita 200 a sakan, wanda ya isa duk aikin da aka yi ta dominsa. Amma sai ka ga yaro yana buga 15 ko 20 yana gumi. Abin da bai sani ba, idan iska ta yi yawa gudumar ba ta iya buɗe bawul sosai, sai harbin ya yi rauni iska ta rage a ciki, wani lokaci ma bawul ya kulle gaba ɗaya. A banza ya wahalar da ƙusar gaɓar famfo har raminta ya buɗe, hannun ya fara lilo. Daga nan sai a shiga sa sifirin mai tauri, a faɗaɗa ramin iska da abin huda. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Ra'ayina shi ne ka fara mayar da bindiga yadda ta fito daga masana'anta, ka harba ta wata guda, sannan ka ga ko akwai abin da ta rasa. Ingantawar da nake yarda da ita ita ce sabuwar roba mai kyau, da daidaita tsawon fistan a samfuran da ake iya daidaitawa yadda zai kai bakin bawul ba tare da ya bar gurbi ba, da saiti mai kyau. Ka kuma tuna da doka. A Ingila bindigar iska da ta wuce ƙarfin kusan jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) sai da takardar izini, a Jamus iyakar jul 7.5 ce, a Najeriya kuma dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda ake nema wa lasisi daga 'yan sanda.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Harsashi ya zama daidai da bututu: 397 milimita 4.5, 392 milimita 5.5, Sheridan kuwa milimita 5 ce, kuma cusa mata wani girman ba dabara ba ce. Kada a harba ƙwallon ƙarfe, ko ƙusa, ko harsashin da aka tsinto a ƙasa a bututun tagulla, yana cinye zanen da ke murza harsashi. Kada a wanke bututu da burushin ƙarfe ko ruwan wankin bindigar albarushi, ɗan ƙyalle a zaren kamun kifi ya wadatar, a jawo shi daga baya zuwa baki. Roba da aka yanka daga tiyub ɗin mai faci ba ta zama robar bawul. Sukudireba ya cika bakin sukuru daidai, in ba haka ba kan zai cinye. Kunama kada a goge ta da samfefa don ta yi laushi, bindigar da ke tashi da kanta in an buge ta haɗari ce a gidan da ke da yara.

In za ka buɗe Crosman 760, wadda ake ƙerawa tun 1966, ka shimfiɗa farin zane a cikin faranti mai faɗi, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Akwai 'yan ƙananan sifirin a wajen kunama da makullin tsaro da ke tsalle da zarar an raba murfin biyu, in suka faɗa ƙasa ba a ganinsu. Sheridan kuma, da yake kamfanin Benjamin ya sayi kamfaninta a 1977, Crosman kuma ya saye su duka a 1992, kayan cikinta sun sha canjawa. Ka duba samfurinka da lambar da ke jikinta kafin ka yi odar roba, domin ta sabuwa ba lallai ta shiga tsohuwa ba. In ka gama taɓa harsashin dalma, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.